Babi na Bakwai: Wasiƙar Lantarki a Ma'aikata, Zaɓen Manhaja da Tsara Ta

7.1 Gabatarwa

Ɗalibin da ya nazarci rubutun wasiƙa ya san sigoginta: adireshi da kwanan wata da gaisuwa da gundarin saƙo da rufewa. Wasiƙar lantarki, wadda aka fi sani da imel, ba ta taɓa waɗannan sigogi sosai ba. Abin da ta sauya shi ne hanyar da wasiƙa ke bi da kuma wurin da take kwana. A tsohon tsarin ofis, masinja ne ke ɗauko wasiƙa daga gidan waya, akawun rajista ya buga mata hatimi da kwanan wata, ya shigar da ita littafi, sannan ya jefa ta cikin fayil. Daga wannan lokaci wasiƙar ta zama ta ofis. Ko an yi wa wanda aka rubuto wa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko rai ya yi halinsa, fayil yana nan inda aka ajiye shi.

Imel ya sake tayar da wannan magana da ake ganin an riga an gama ta. A wannan babi za a duba yadda ma'aikata ke zaɓen manhajar imel da yadda take tsara ta, tare da sa ido a kan tambayoyi biyu: ina wasiƙun ma'aikata suke kwana, kuma shin Hausar da aka rubuta tana isa hannun mai karatu yadda aka rubuta ta?

7.2 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1971 ne Ray Tomlinson, wani injiniya a Amurka, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, kuma shi ne ya zaɓi alamar @ domin raba sunan mutum da sunan na'urar da akwatinsa yake. A 1982 Jon Postel ya wallafa ƙa'idar aika saƙo da ake kira SMTP, wadda har yanzu a kanta ake tafiya. Akwatunan kyauta sun biyo baya: Hotmail a 1996, Yahoo a 1997, Gmail a 2004.

A Nijeriya, shekarar 2001 ce ta kawo wayar salula ta GSM, kuma a cikinta aka kafa Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, tana cikin jihohin da suka shiga harkar da wuri. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure. Duk da haka, yawancin ma'aikatan wancan lokaci a shagunan intanet na haya suka fara sanin imel. Can ne mutum ya buɗe akwatin Yahoo da sunansa, watakila har da shekarar haihuwarsa, kuma da aikin ofis ya buƙaci adireshi, sai ya ba da wannan ɗin. Al'adar ta zauna, kuma ita ce tushen matsalar da wannan babi ya fi damuwa da ita.

Garin Ringim misali ne mai kyau. Hedikwatar masarauta ce da ta ƙaramar hukuma, tana da babban asibiti da kwalejin ilimi da nazarin shari'a ta jiha. Kowace daga cikin waɗannan ma'aikatu tana musayar takardu da ma'aikatun Dutse, kwaleji kuwa har da hukumomin Abuja irin su NCCE da JAMB da TETFund. Takardar amincewa da kwas, ko jerin sunayen waɗanda aka ɗauka, ko umarnin biyan kuɗi, ba abin da za a bari a akwatin mutum ɗaya ba ne.

7.3 Sassan Tsarin Imel

Tsarin imel na ma'aikata yana da sassa uku. Na farko shi ne uwar garke, wato kwamfutar da ba ta barci, wadda ke karɓar saƙonni da adana su da tura su. Matsayinta shi ne na gidan waya. Na biyu shi ne manhajar mai amfani, wadda ma'aikaci ke buɗewa a kwamfutarsa ko wayarsa domin karantawa da rubutawa. Na uku su ne ƙa'idojin da waɗannan biyun ke magana da su.

Alal misali, idan magatakardar wata makaranta a Ringim ya aika saƙo zuwa wata ma'aikata a Dutse, manhajarsa za ta miƙa saƙon ga uwar garken makarantar ta ƙa'idar SMTP. Uwar garken za ta dubi abin da ya biyo bayan alamar @, ta tambayi kundin sunayen intanet, wanda ake kira DNS, wace na'ura ce ke karɓar wasiƙun wannan suna. Amsar tana cikin wani layi da ake kira MX. Daga nan sai ta tura saƙon can. Abin lura shi ne, saƙon ba ya bin hanyar mota. Idan uwar garken ɗaya tana Legas ɗayar kuma tana Turai, to sai ya je can ya dawo kafin ya isa Dutse, kuma duk cikin 'yan daƙiƙu.

Wajen ɗauko saƙo daga akwati kuwa, ƙa'idoji biyu ne suka shahara, kuma bambancinsu shi ne ƙashin bayan wannan darasi. Ta farko ita ce POP3, wadda ta fito a 1988. Aikinta irin na masinja ne da ke kwashe duk abin da ke cikin akwatin gidan waya ya kai wa mai shi. A asalin tsarinta, da zarar saƙo ya sauka a kwamfutar ma'aikaci, sai a share shi daga uwar garke. Wannan ya dace da zamanin da layin intanet ke da tsada, wurin ajiya kuma ya yi ƙaranci. Illarsa ita ce, wasiƙun ofis gaba ɗaya suna komawa cikin kwamfuta guda. Ranar da aka sace ta, ko wuta ta ƙona ta, ko mai ita ya tafi da ita, shi ke nan. Ko da an umarci manhaja ta bar kwafi a uwar garke, saƙonnin da suka shigo kaɗai za ta bari. Amsoshin da ma'aikaci ya aika suna nan a kwamfutarsa shi kaɗai, alhali a aikin hukuma amsar da ofis ya bayar ita ce hujja.

Ta biyu ita ce IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙira a 1986. A ƙarƙashinta saƙonni suna zama a uwar garke, manhaja kuwa taga ce kawai da ake leƙa su ta ciki. Abin da aka karanta a kwamfutar ofis za a gan shi a matsayin karantacce a waya, haka nan abin da aka aika da wanda aka jera a fayil. Wannan shi ne ya fi kusa da tsohon ɗakin rajista, kuma shi ya kamata ma'aikata ta zaɓa. Sai dai a kula: IMAP ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce. Wanda ya share saƙo a wayarsa ya share shi a ko'ina.

7.4 Uwar Garke: Ta Gida ko Ta Haya

Kafin a zaɓi manhajar da ma'aikata za su riƙa buɗewa, dole a yanke shawara a kan uwar garke. Hanya ta farko ita ce ma'aikata ta ajiye tata a cikin harabarta. Akwai manhajoji na kyauta da suka daɗe suna wannan aiki, kamar Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, da Exim ta Jami'ar Kambirij, domin aikawa da karɓa, da kuma Dovecot domin kula da akwatuna. Akwai kuma Exchange ta kamfanin Microsoft, wadda ake biyan lasisinta. Hanya ta biyu ita ce a yi hayar akwatuna a wurin kamfani, kamar Google Workspace ko Microsoft 365 ko wani kamfanin cikin gida, amma da sunan ma'aikatar.

Ajiye uwar garke a gida yana da daɗin faɗi, domin yana nuna mallaka. To amma na'urar tana buƙatar wuta dare da rana, da layin intanet mai tsayayyar lamba, da ɗaki mai sanyi. Wanda ya san zafin watan Afrilu a tsakiyar Jigawa da ƙurar hunturu ya san abin da suke yi wa na'ura. Ba a dogara da wutar KEDCO ita kaɗai, saboda haka sai an tanadi sola da batura ko janareta. Idan na'urar ta mutu na 'yan sa'o'i, uwar garken mai aikawa za ta yi ta sake gwadawa, yawanci har kwana huɗu ko biyar, kafin ta mayar da saƙon. Ke nan ɗaukewar wuta ta yini guda ba ta ɓatar da wasiƙa, amma dogon hutun da aka kulle ofis aka kashe komai yana iya ɓatar da ita. Sannan akwai ruwa. Ringim tana kusa da kogin Haɗeja, kuma ambaliyar 2022 ta shafi yankinta tare da wasu sassan jihar. Duk ma'aikatar da ta ajiye uwar garke da kwafin ajiyarta a ɗaki ɗaya, a haƙiƙa ba ta da kwafi.

Babban sharaɗi kuwa shi ne ma'aikaci. Uwar garken imel tana buƙatar wanda zai riƙa sabunta ta da toshe kafofin da 'yan damfara ke bi. Wadda aka yi sakaci da ita takan zama hanyar watsa saƙonnin banza, sai manyan kamfanoni su saka ta cikin jerin waɗanda ba a karɓar saƙonsu, wasiƙun ma'aikatar su daina isa. Don haka, ƙaramar ma'aikatar da ba ta da ƙwararre na dindindin, haya ta fi mata. Kuɗin hayar kuwa, musamman wadda ake lissafawa da dala, sai an sa shi cikin kasafin kowace shekara, domin rashin biya yana rufe akwatuna.

Ko wace hanya aka bi, sunan da ke bayan alamar @ shi ne dukiyar. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng. Manyan makarantu suna amfani da .edu.ng, ma'aikatun gwamnati kuma .gov.ng, wanda ake nema ta hannun NITDA. Wajibi ne a yi rajistar sunan da sunan ma'aikata, kada a bar shi da sunan ɗan kwangilar da ya haɗa aikin. Wadda ta mallaki sunanta tana iya sauya uwar garke a duk lokacin da ta so ba tare da adireshinta ya sauya ba. Bugu da ƙari, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk ma'aikatar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin kare su, kuma sakamakon jarrabawa da takardun asibiti suna ciki.

7.5 Zaɓen Manhajar Mai Amfani

Manhajojin da aka saba da su a farkon shekarun 2000 sun shuɗe. An daina sabunta Eudora ta asali tun 2006, Outlook Express kuma ta tafi tare da Windows XP, wadda aka daina tallafa wa a 2014. Amfani da su yanzu kasada ne, domin ba su san sababbin hanyoyin tsaro ba. A yau zaɓin ya fi karkata ga Thunderbird, wadda ta fito a 2004 kuma kyauta ce, da Outlook ta Microsoft, da shafin imel da ake buɗewa ta burauza, irin su Roundcube, sai kuma manhajojin waya.

Shafin burauza ba ya buƙatar a girka komai, kuma ya dace da kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita. Rauninsa shi ne, in babu intanet, yawanci babu wasiƙa. Thunderbird da Outlook ta kwamfuta suna ajiye kwafin akwatin, ta yadda ma'aikaci zai iya karanta tsofaffin saƙonni da rubuta sababbi ko layi ya yanke, su tafi idan ya dawo. A wurin da layi ke zuwa yana tafiya, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Outlook ta fi armashi idan uwar garken ta Microsoft ce, saboda kalanda da littafin adireshi na bai-ɗaya. In ba haka ba, da wuya a sami abin da ofishin makaranta ke buƙata wanda Thunderbird ba ta yi. Kwafin manhaja na sata kuwa, wanda ake girkawa a kasuwa, bai kamata ya kusanci wasiƙun hukuma ba.

7.6 Haruffa Masu Ƙugiya

Nan ne ɗalibin Hausa yake da abin cewa wanda injiniya ba lalle ya lura da shi ba. An gina imel na farko a kan jerin alamomi 128 da ake kira ASCII, waɗanda suka ishi Ingilishi amma babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, marubutan Hausa sun nemi mafita ta hanyar ƙera fontoci na musamman, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi wannan hidima a shekarun 1990. Dabarar irin waɗannan fontoci ita ce a ari gurbin wani harafi ko wata alama a zana mata siffar harafin Hausa. A waɗansu, q ce ke bayyana a matsayin ƙ, x a matsayin ɗ, v kuma a matsayin ɓ. Dabarar ta yi aiki ƙwarai a kan takarda, kuma da ita aka buga littattafai da kundayen bincike masu yawa. To amma a imel, idan mai karɓa ba shi da font ɗin, asirin sai ya tonu: "ɗaliban ƙasa" ya koma "xaliban qasa".

Maganin dindindin shi ne Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa. A cikinsa ɓ tana da lamba U+0253, ɗ tana da U+0257, ƙ kuma U+0199, haka nan manyansu da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Ƙa'idar MIME ta 1992 ce ta ba imel damar ɗaukar irin waɗannan haruffa, ta hanyar sanar da mai karɓa tsarin da aka rubuta saƙon da shi. Tsarin da ya kamata a zaɓa shi ne UTF-8. Idan aka rubuta da shi amma manhajar mai karɓa ta karanta da tsohon tsarin Yammacin Turai, sai "ƙasa" ta fito "Æ™asa", "ɗaki" kuma "É—aki". Idan kuwa manhajar mai aikawa ce ba ta san harafin ba, takan musanya shi da alamar tambaya, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Waɗansu sukan ce a bar ƙugiyar kawai, ai Bahaushe zai gane. Sau da yawa yana ganewa, amma ba kullum ba. Kafa daban, ƙafa daban. Haka daka da ɗaka, da kara da ƙara, da baki da baƙi. Jimlar "an ga baki a ƙofa" da "an ga baƙi a ƙofa" ba abu ɗaya suke faɗa ba. Sashen Hausa da ke rage wa ɗalibi maki saboda ya bar ƙugiya a jarrabawa, bai dace takardunsa na ofis su fita babu ita ba. Windows tana da tsarin allon rubutu na Hausa, haka ma Gboard a wayoyi, saboda haka uzurin ya ragu. Unicode ya kuma ƙunshi haruffan Larabci, abin da ke da amfani ga sassan Larabci da masu nazarin ajami, sai dai a tabbatar manhajar tana iya jera rubutu daga dama zuwa hagu. Adireshin kansa kuwa, gara a bar shi da haruffa marasa ƙugiya, domin ba kowace uwar garke ce ke karɓar waninsu ba.

7.7 Matakan Tsarawa

Ana fara tsarawa ne da sunayen akwatuna, tun kafin a taɓa manhaja. Kowane ofis ya sami akwati da sunan muƙami, kamar magatakarda@ ko jarrabawa@, ban da wanda ma'aikaci ke da shi da sunansa. Akwatin muƙami shi ne za a buga a kan takardar ofis. Ranar miƙa aiki, a sauya kalmar sirrinsa a damƙa wa magaji, kamar yadda ake damƙa makullin kabad, kuma a rubuta hakan cikin takardar miƙa aiki.

Daga nan sai a buɗe manhaja a shigar da suna da adireshi da kalmar sirri. Thunderbird da Outlook sukan nemo sauran bayanan da kansu, amma wajibi ne a duba abin da suka zaɓa. Kowace ƙa'ida tana da lambar ƙofar da take bi. Ga saƙo mai shigowa, a zaɓi IMAP a ƙofa ta 993, wadda ke ɓoye abin da ke wucewa ta tsarin TLS. Ƙofa ta 995 ita ce takwararta ga POP3. Ga saƙo mai fita, a zaɓi 587 ko 465, tare da shaidar suna da kalmar sirri. Ƙofa ta 25 ta tsakanin uwar garke da 'yar'uwarta ce, kuma kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta ga masu amfani. Wannan shi ne sanadin koken da aka saba ji, cewa saƙo yana shigowa amma ba ya fita. Inda uwar garke ta ba da damar tabbaci na biyu, wato lambar da ake aikowa ta waya bayan kalmar sirri, a kunna shi, musamman ga ofishin ma'aji.

Akwai kuma layuka uku da mai kula da sunan ma'aikata zai rubuta a kundin DNS. SPF yana bayyana na'urorin da aka yarda su aika saƙo da sunan ma'aikatar. DKIM yana buga wa kowane saƙo hatimin da ba a iya kwaikwayo. DMARC yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi waɗannan gwaje-gwaje. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsananta a kan wannan, har saƙon da ba shi da SPF ko DKIM yana iya faɗawa kwandon banza ko a ƙi karɓar sa. Ga makaranta, amfanin ya wuce isar saƙo, domin waɗannan layuka suna wahalar da ɗan damfarar da ke son aika wa iyaye takardar neman kuɗi da adireshinta.

Takardun da ake liƙawa su ma suna da iyaka. Gmail na kyauta yana tsayawa a megabait 25, kuma tsarin MIME yana ƙara wa fayil kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa, don haka hoton takardun sakamako mai megabait 20 yana iya kasa wucewa.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. A aika saƙo zuwa akwatin Gmail da na Yahoo da na wata ma'aikata, a sa ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana a cikin kan saƙon da kuma cikinsa, domin ana sarrafa su ne ta hanyoyi daban-daban. A buɗe shi a kwamfuta da waya, a nemi a mayar da amsa, a duba ko haruffan sun dawo lafiya. Sannan a share wani saƙon gwaji da gangan, a buƙaci mai kula da uwar garke ya dawo da shi daga ajiyar ko-ta-kwana, a rubuta tsawon lokacin da hakan ya ɗauka.

7.8 Auna Fahimta

1. Kwatanta POP3 da IMAP, sannan ka bayyana wadda ta fi dacewa da ofishin jarrabawa na kwaleji tare da hujjoji.

2. An aiko wa shugaban sashe saƙo, sai kalmar "ƙarshe" ta fito masa "qarshe", a wani saƙon kuma "Æ™arshe". Bayyana sanadin kowanne.

3. Kawo tagwayen kalmomi guda goma waɗanda ƙugiya kaɗai ta bambanta su, ban da waɗanda aka ambata a wannan babi, ka sa kowace cikin jimla.

4. Rubuta wasiƙar hukuma da Hausa zuwa ga shugaban wata ma'aikata a garinku, kana ba shi shawara ko ya ajiye uwar garke a harabarsa ko ya yi haya. Kada wasiƙar ta wuce shafi biyu.